Daga Garmaho zuwa Jitar Adar: Tarihin Faifai da Kiɗan Rok a Ƙasar Tawa

Gabatarwa

Har gobe, idan Bahaushe ya kalli ɗan gajeren hoto mai motsi a cikin wayarsa, cewa yake yi ya ga "faifan bidiyo", alhali kuwa babu wani faifai a wurin. Asalin kalmar dai faifan kaba ne, wanda mata ke saƙawa su rufe ƙwarya ko su bakace hatsi da shi. Da Bature ya zo da wani baƙin abu mai faɗi, kewayayye, wanda ake ɗora wa allura ya yi waƙa, sai Hausawa suka duba cikin kayan ɗakinsu suka ba shi sunan abin da ya fi kama da shi. Na'urar da ke juya shi kuma suka lanƙwasa sunanta na Turanci ya zama garmaho. Garmaho ya kau, kaset ya zo ya wuce, amma sunan faifai ya zauna daram a bakin mutane.

Wannan maƙala za ta bi sawun wannan baƙin faifai a ƙasar Adar, tun daga birnin Tawa har garuruwan arewacinta irin su Barmu. Za ta duba yadda ya shigo da kiɗan rok na shekarun 1960, da yadda samarin Adar suka karɓi kiɗan suka mai da shi nasu, da kuma dalilin da ya sa ƙasar da ta saurari fayafayan duniya ta daɗe ba ta ji muryar ƴaƴanta a kan faifai ba. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi shafar malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, domin tambaya ce game da wanda ke riƙe da ajiyar sautin ƙasa.

Yadda faifai ya samu

A shekarar 1877 ne Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Hikimar abin ba ta da wuyar fahimta. Ana sassaƙa wani siririn layi a jikin faifan, wanda ya nannaɗe tun daga baki har tsakiya, kuma kowace karkarwa ta sauti tana da irin lanƙwasar da ta bari a cikin layin. Idan faifai na juyawa allura na bin layin, sai ta riƙa karkarwa daidai da yadda muryar mawaƙin ta yi ranar da aka ɗauke ta.

Fayafayan farko suna juyawa sau 78 a minti ɗaya. Suna da nauyi, suna fashewa kamar tangaran, kuma kowace fuska ba ta wuce waƙar minti uku ko kusa da haka. Garmahonsu ba ya bukatar lantarki, wana shi ake yi da hannu, a sauya allura a kai a kai. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar kimanin minti 20. A 1949 kuma kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin faifai mai juyi 45, mai waƙa ɗaya a kowace fuska. Wannan ƙaramin shi ne dokin da kiɗan samari ya hau ya zagaye duniya, saboda ba shi da tsada kamar babban, ba shi da nauyi, kuma yana shiga cikin adakar matafiyi a tsakanin riguna.

Harshen Hausa bai makara wajen hawa faifai ba. A ƙarshen shekarun 1920, kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi cikin harsunan Afirka ta Yamma a birnin Landan domin sayarwa a kasuwannin yankin, kuma Hausa na cikinsu. Daga baya kamfanoni irin su Decca da EMI da Philips suka kafa rassa a Legas, inda aka riƙa buga fayafayan mawaƙan Arewa kamar Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Ke nan, tun kafin samari su ji ƙarar jitar lantarki, kunnen Bahaushe ya riga ya saba da jin kalangu da kuntigi suna fitowa daga cikin akwati.

Hanyar kurmi

Adar ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, wadda damina ɗaya ba ta cika ciyar da gida har shekara ta zagayo ba. Saboda haka tun zamanin mulkin mallaka aka san Adarawa da tafiya bida. Da an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai samari da magidanta su kama hanyar kurmi, wasu Kumasi da Akara, wasu Abijan, wasu Kano da Legas, su yi dako ko talla ko tireda, sa'annan su komo gida gab da faɗuwar ruwa. Garuruwa irin su Barmu, wadda ke arewa maso gabas da Tawa, inda manomi Bahaushe ke cuɗanya da makiyayi Buzu da Bafillace a kasuwa, sun daɗe cikin wannan kai da kawo.

Ɗan bida ba ya komowa hannu rabbana. Bayan kuɗin haraji da turamen zane na iyali, akwai kayan da ke shaida cewa mutum ya ga duniya: agogo, tabarau, keke, akwatin rediyo, wani lokaci kuma garmaho da ƴan fayafayansa. Masu shirya fim na wancan zamani sun lura da wannan. Fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir na 1958 ya nuna samarin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan suna laƙaba wa kansu sunayen taurarin silima na Turai da Amurka, kuma a cikinsa ne Oumarou Ganda ya fara fitowa. A 1966 Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya yi fim ɗin Le retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo ƙauyensu da akwati cike da tufafin kaboyi ya rarraba wa abokansa, ƙauye ya rikice. Abin da fim ɗin ya nuna game da hula da bindigar wasa, haka yake game da faifai: baƙon abu yakan shigo gari ne a cikin kayan ɗan gari.

Hanya ta biyu ita ce rediyo. An buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, kuma daga baya aka raɗa masa suna Muryar Sahel. Ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya kai sauti har inda babu lantarki, kuma da dare yakan kamo tashoshin ƙasashe masu nisa. Hanya ta uku kuwa makaranta ce da gidajen ma'aikata. Ɗalibai da malaman boko da ƴan kwangilar Faransa su ne suka fi mallakar ƙananan na'urorin juya faifai masu kama da akwatin hannu, irin na kamfanin Teppaz da suka yi tashe a ƙasashen da ke magana da Faransanci.

Kiɗan da ya zo

Rok ɗan Amurka ne, kuma tushensa kiɗan baƙaƙen fata ne na kudancin ƙasar, wato bulus. A shekarun 1960 samarin Ingila suka ɗauke shi suka sabunta. Ƙungiyar Beatles ta fitar da faifanta na farko a 1962, ta watse a 1970. Ƙungiyar Rolling Stones ma daga wata waƙar Muddy Waters, mawaƙin bulus, ta samo sunanta. Sai dai a ƙasashen da Faransa ta mallaka, rok ya fi shigowa ta bakin Faransawa. Shirin rediyo mai suna Salut les copains, wanda aka fara a 1959, da mujallar da ta ɗauki sunansa a 1962, su ne suka yaɗa Johnny Hallyday da tsararrakinsa, waɗanda sau da yawa waƙoƙin Amurka da Ingila suke juyawa zuwa Faransanci. Hotunan da Malick Sidibé ya ɗauka a Bamako a waɗannan shekaru, na samari da ƴan mata riƙe da fayafayai kamar masu nuna lambar girma, sun isa shaida kan matsayin da faifai ya samu a zukatan matasan Sahel.

A cikin dukan taurarin wancan zamani, babu wanda ya bar tabo a wannan yanki kamar Jimi Hendrix. Baƙar fata ne, bahago, wanda ya juya jitar na-dama ya riƙa kaɗa ta da hagu. Ya ɗaga ƙarar amsa-kuwwa har ta kai inda sauran makaɗa ke gudu, inda sauti ke dusashewa ya yi gurnani ko ya yi shewa, ya mai da wannan ƙara wani ɓangare na kiɗan. Wasanninsa na farko da ƙungiyarsa a watan Oktoba na 1966 a Faransa ya yi su, yana share wa Johnny Hallyday fage. A ƙarshen shekarar ya fitar da waƙar Hey Joe, a 1967 babban faifansa na farko ya fito, a 1969 ya yi wasa a taron Woodstock, sa'annan ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27. Tashensa bai wuce shekara huɗu ba.

Biranen kurmi da Adarawa ke zuwa bida sun cika da wannan sabon sauti. James Brown ya yi wasa a Abijan a 1968, ya je Legas a 1970. A ranar 6 ga Maris 1971 aka yi babban taron Soul to Soul a Akara, inda Santana da Wilson Pickett suka hau dandamali. Bayan yaƙin basasar Nijeriya, ƙungiyoyin rok irin su BLO da Funkees da Ofege suka ɓullo, kuma a 1973 Paul McCartney da kansa ya je ɗakin ɗaukar murya na EMI a Legas ya yi aikin faifansa Band on the Run. Ɗan bidan da ke talla a Treichville ko a Ikko ba ya bukatar shiga gidan rawa kafin ya ji waɗannan, domin shagunan masu sayar da faifai waje suke juya lasifikarsu.

Azna na Adar

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A shekarun 1970 aka kafa wata ƙungiyar makaɗa a birnin Tawa mai suna Azna de L'Ader, ƙarƙashin jagorancin wani makaɗin jita da aka fi sani da Mona. Salon kiɗansa da shigarsa sun sa aka riƙa yi masa laƙabi da Hendrix na Sahara. Ƙungiyar tana kaɗa rok mai zafi da jitar lantarki da gangunan Turawa, a wani gari da ke nesa da Yamai da fiye da kilomita 500, nesa kuma da duk wani kantin sayar da tsirkiyar jita.

Sunan da suka zaɓa abin dubawa ne. A lokacin da ƙungiyoyin samari da dama a Afirka ke aro sunaye daga Turanci ko Sifaniyanci, su sai suka waiwaya gida. Azna su ne tsofaffin mazauna ƙasar, ma'abota al'adun gargajiya na noma da farauta da tsafi, waɗanda masana irin su Djibo Hamani da Nicole Échard suka yi rubutu mai zurfi a kan tarihinsu da zamantakewarsu. Saurayin da ya rataya jitar Bature ya kira kansa Azne yana faɗa wa jama'a ne cewa kayan kiɗan baƙo ne, amma hannun da ke kaɗawa ɗan ƙasa ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa kunnen Adar bai ƙi wannan sauti ba. Wanda ya taɓa zama a wurin wasan bori ya san yadda mai goge ke riƙe gajeren zubi ɗaya yana maimaita shi, masu ƙwarya na ƙara masa wuta, har kiɗan ya kai inda jiki ke amsawa. Ya san muryar goge mai kaushi, wadda ba ta neman santsi irin na molon fada. Yawancin kiɗan gargajiya na wannan yanki a kan sautuka biyar yake tafiya, haka ma bulus da rok ɗin da ya haifa. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kawo hujjoji cewa wasu siffofin bulus sun fi kama da kiɗan tsirkiya na yankin Sudan ta tsakiya da ta yamma, har da ƙasar Hausa, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Masana na ci gaba da muhawara a kan iyakar wannan dangantaka, amma ko ba a je da nisa ba, mai sauraro na iya jin kusancin da kunnensa. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Rok ya zauna a Tawa ne saboda ya tarar da abin da zai jingina da shi.

Ƙasa mai makaɗa, babu faifai

A nan ne tarihin Nijar ya rabu da na maƙwabtanta. Legas da Akara da Kwatano da Abijan sun samu kamfanonin da ke ɗaukar makaɗa su buga musu faifai su kai kasuwa. Nijar ba ta samu irin wannan masana'anta ba. Jama'arta ba su da yawa a lokacin, masu na'urar juya faifai ƙalilan ne, kuma duk wanda ke son faifai sai ya ƙetare iyaka. Fayafayan kiɗan Nijar da suka fi shahara a shekarun 1960 su ne waɗanda Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a 1963, kamfanin Ocora na Faransa ya buga, ɗaya na maroƙa da makaɗan fada, ɗaya na Buzaye da Fulani makiyaya. An yi su ne domin masana da ɗakunan karatu na Turai, kuma kiɗan gargajiya kaɗai suka ƙunsa.

Makaɗin zamani kuwa ƙofa biyu gare shi. Ta farko dandamali: bukukuwa, gidajen samari, da gasannin da hukuma ke shiryawa, musamman bayan da gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a watan Afrilun 1974, ta farfaɗo da samariya ta kuma ba bikin matasa na ƙasa muhimmanci. Daga 1987 aka fara gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin Tawa. Ƙofa ta biyu ita ce gidan rediyon ƙasa a Yamai, inda ake ɗaukar waƙa a kan zaren tef, a sa ta a iska, sa'annan a mai da ita kan kanta. Waƙa takan shiga kowane gida ta rediyo, amma ba wanda zai iya sayenta ya ajiye.

Haka Azna de L'Ader suka yi shekaru suna wasa ba tare da faifai ko ɗaya a kasuwa ba. Haka ma Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyo a 1978: ƴan Nijar sun yi shekaru suna jin sautinsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su ma san sunan mai shi ba. Illar wannan hali a fili take. Faifai, da zarar an buga shi ɗari biyar ko dubu, ya warwatsu a hannun jama'a, ko wuta ta ci ɗari, saura na nan. Zaren tef kuwa sau da yawa guda ɗaya ne tak, zafi na cinsa, ƙura na cinsa, kuma idan tef ya yi ƙaranci a gidan rediyo akan goge tsohuwar waƙa a ɗora sabon shiri a kanta.

Kaset da waya

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a ƙarshen shekarun 1970 ya mamaye kasuwannin Sahel. Ya fi faifai dacewa da ƙasar ta kowace fuska. Ba ya fashewa a cikin mota, rakodarsa na aiki da batir, kuma uwa uba kowa na iya ɗaukar murya da shi ko ya kwafi na wani. Ƴan bida suka riƙa aiko da saƙon murya gida a kaset maimakon wasiƙa. Cikin ƴan shekaru garmaho ya koma ƙarƙashin gado, fayafayai kuma suka zama abin wasan yara ko adon bango.

Da kaset ne wani sabon reshe na jita ya tsiro a arewa. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya kashe dabbobi ya kori samarin Buzaye zuwa Aljeriya da Libiya, inda suka ƙirƙiro salon jita na ishumar, wanda ƙungiyar Tinariwen da Abdallah Oumbadougou suka yi fice a kansa. A lokacin tawayen shekarun 1990, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, kasakasan wannan kiɗa a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu. Daga wannan reshe ne jihar Tawa ta sake fitar da wani bahagon makaɗi, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na Anar da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Ba a kai su kanti ba. Ta Bluetooth da katin waya suka bazu, daga Tawa har arewacin Mali.

Faifai ya dawo ta wata ƙofa

A daidai lokacin da Sahel ta koma sauraron kiɗa a waya, sai Turai da Amurka suka waiwayi faifan roba, wanda aka ɗauka faifan CD ya binne tun shekarun 1980. A 2022 an sayar da fayafayan roba kimanin miliyan 41 a Amurka, na CD kuma miliyan 33, karo na farko ke nan tun 1987 da tsohon ya wuce sabon. Masu sha'awar tara faifai suna da hujjojinsu. Suna son bangonsa mai faɗi da hoto da sunayen makaɗa da shekarar bugu, suna son ladabin da yake koyarwa na zama a saurari fuska guda daga farko har ƙarshe, kuma suna son abin da hannu zai riƙe, ɗa ya gada. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Wannan sha'awa ta kawo masu farautar faifai Afirka ta Yamma. Sun bi kasuwanni da tsofaffin shaguna a Legas da Kwatano da Akara suna saye, kamfanoni irin su Soundway da Analog Africa suka sake buga abin da aka samo. A Nijar, inda babu tsofaffin fayafayan da za a tono, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya bi ta kan katin waya da kaset da ajiyar rediyo. Kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, wanda ya ƙunshi waƙar Mdou Moctar. A 2013 ya buga kiɗan Mamman Sani. A 2016 ya fitar da Les Filles de Illighadad, ƴan matan wani ƙauye na yankin Abalak ƙarƙashin Fatou Seidi Ghali. Shi ne kuma ya buga wa Azna de L'Ader faifai mai suna Zabaya, daga abin da aka ɗauka a gidan rediyon ƙasa tun shekarun 1980. Mdou Moctar kuwa ya kai ga babban kamfanin Matador, wanda ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, jaridun waje na kwatanta shi da Hendrix kamar yadda aka yi wa Mona.

Babu mai musun alherin da ke cikin wannan. An ceto sautin da ke gab da ɓacewa, makaɗa sun samu suna da abin hannu, an kuma san Adar a inda ba a taɓa jin sunanta ba. Amma akwai abin da ya kamata a tsaya a duba. Faifan rok na Tawa a ƙasar waje aka buga shi, da kuɗin waje ake sayar da shi, bayanin da ke bangonsa da Turanci yake, kuma a can ne ake da na'urar juya shi. Ɗalibin da ke makaranta a Barmu ko Kalfu ya fi kusa da jin labarin Hendrix a intanet fiye da jin cewa a babban birnin jiharsa an yi wanda ya yi gogayya da salonsa.

Kammalawa

Abin da ya saura aiki ne na gida, kuma ba ya bukatar dukiya mai yawa. A cikin adakokin tsofaffin ƴan bida da gidajen malaman da suka yi ritaya akwai sauran fayafayai da kasakasai, kuma kowane ɗaya shaida ce ta inda mai shi ya je da abin da ya ji. Faifai yana son a tsai da shi a tsaye, a inuwa, cikin rigarsa, domin rana na tanƙwara shi, ƙura kuma na cinye layinsa. Kaset yana son a kwafe shi zuwa kwamfuta tun zarensa bai manne ba. Mafi muhimmanci shi ne a rubuta bayani tun masu shi na raye: wane ne ya saya, a wane gari, a wace shekara, a wane biki aka juya shi, su wa suka yi kiɗan. Sautin da ba shi da suna da shekara rabin amfaninsa ya tafi.

Akwai inda za a kai abin da aka tara. A Yamai akwai cibiyar binciken IRSH da cibiyar CELHTO, waɗanda suka daɗe suna adana muryoyin gargajiya, da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya. A Tawa kanta akwai jami'ar da aka kafa a 2014, wadda ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da gadon sauti da hoto, kuma rana ce da ƙungiyar al'adu za ta iya kiran tsohon makaɗi ya zauna gaban ɗalibai da jitarsa. Malamin tarihi da ke koyar da fari da bida da samariya zai iya koyar da su ta hanyar waƙoƙin da aka ji a lokacin. Haƙƙin makaɗa da na magadansu kuma sai a kiyaye shi a rubuce kafin a miƙa wa kowa kwafi, na gida ne ko baƙo.

Makaɗan da suka fara rataya jitar lantarki a Tawa a shekarun 1970 sun manyanta, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka yi rawa a gabansu ma haka. Shekaru goma masu zuwa su ne za su nuna ko jikokinsu za su ji wannan tarihi daga bakin mutanen Adar, ko kuwa sai sun nemi fassararsa daga bangon faifan da aka buga a wata ƙasa.